Tsibirin Da Ake Zuwa A Keke

Daren Juma'ar nan ban runtsa ba, kuma ba sauro ne ya hana ni ba. Abin da ya hana ni barci wani dogon sauti ne mai tsawon daƙiƙa biyar, wanda na ji da kunnena amma na ƙi rubutawa a littafina.

Shekara biyu ke nan da na kammala jami'a a fannin lantarki, ina zaune a gida ina jiran aiki. A cikin jiran ne na ɗaura wayar tagulla mai tsawon mita arba'in, daga tagar ɗakina zuwa kan tankin ruwa, daga nan zuwa reshen bishiyar da ke bayan banɗaki, ta zame mini eriya. Da ita nake farautar tashoshin dogon zango, waɗannan ƙananan tashoshi da ke yi wa jiragen sama jagora. Ba sa magana, ba sa kiɗa. Kowace tana maimaita haruffan sunanta ne kawai da harshen tangaraho, gajeren sauti da dogo, dare da rana. Wanda ya kama haruffan sai ya duba kundi ya ga inda suka fito. Inna, mahaifiyata, ta ce ta ga masu kiwon kaji da masu kiwon tantabara, amma a kaina ta fara ganin mai kiwon kukan gyare.

Ranar Laraba na kama wasu haruffa uku, sirara ƙwarai, can ƙarƙashin hayaniya. Kundi ya nuna mini wata tasha a wani tsibiri, kilomita dubu huɗu da ɗari biyu daga tagata. Nan take na rubuta a zauren intanet na ƙungiyarmu ta masu sha'awar rediyo. Mu ashirin da uku ne, kuma babu wanda ya taɓa haura kilomita dubu uku. Shugaban ƙungiya ya ce ranar Asabar da ƙarfe sha biyu zai fitar da mujallarmu ta wata, sunana a sahun farko. Inna kuwa, da ba ta san zango ba balle dogonsa, ta bi maƙwabta tana shaida musu ɗanta ya ji tsibiri.

Sai dai na san wani abu da ban faɗa ba. A ƙa'ida, idan tasha ta gama haruffanta takan yi shiru kafin ta maimaita. Tawa ba ta yin shiru. A daidai gurbin shirun sai ta ja wannan dogon sauti, kamar mai hamma. Na gaya wa kaina iska ce, na gaya wa kaina tsufan rediyo ne, amma zuciya ba ta karɓi ko ɗaya ba.

Da gari ya waye, Asabar ɗin ke nan, na ɗauki wayar salulata da na naɗi sautin a ciki, na nufi gidan Kawu, yayan Inna. Shekara talatin ya yi a ɗakin tangaraho na gidan waya kafin a rufe ɗakin a mayar da shi sito. Yanzu agogon bango yake gyarawa a barandarsa. Na same shi yana shan shayi a tsakanin agogo shida, kowanne da nasa lokacin. Bayan gaisuwa ya tambaye ni ko tsibirin ne na kawo masa tsaraba, don labari ya riga ni zuwa.

Na kunna masa. Ya lumshe ido, ya karkata kai, ya ce in maimaita. A karo na uku sai ya ɗauki cokali ya fara ƙwanƙwasa bakin kofi. Na lura ba ya bin sautin. Idan sauti ya zo sai ya ɗaga cokalin, idan ya ɗauke sai ya buga. Can kafaɗunsa suka fara motsi, ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi, na miƙa masa ruwa.

"Injiniya," ya ce, yana share ido, "digirin naka na sauraron shiru ne?"

Na ce ban gane ba, Kawu.

Ya yi mini bayani a hankali, kamar yadda ake yi wa wanda ake tausayi. Idan tasha tsohuwa ce, kuma mai sauraro ya ɗan kauce daga daidai layinta, wani lokaci sautin yakan juye: inda ta yi magana a ji shiru, inda ta yi shiru a ji sauti. Dogon sautin da ya hana ni barci hutunta ne. Ni kuma na tattara giɓin da ke tsakanin haruffanta na haɗa wasu haruffa uku da babu wanda ya aiko. Ya sake bugawa da cokali, haruffa biyu suka fito sarai. Ban buƙaci kundi ba. Tashar da ke bayan filin jirgin garinmu ce, kilomita goma sha takwas.

"Tsibirin naka a keke ake zuwansa," in ji Kawu. "Na sha wucewa ta gabansa. Akwai awaki."

Na yi dariya, don babu yadda zan yi. Kawu ya kalle ni ta saman tabarau. Ya ce a duk garin nan waɗanda za su iya gane wannan da kunne ba su wuce uku ba: ɗaya ya kurumce, ɗaya ya koma wajen 'ya'yansa, na ukun kuma yana shan shayi, kuma ba ya cikin kowace ƙungiya. Bai ce in yi shiru ba, bai ce in faɗa ba. Ya dai ɗauki wani agogo ya buɗe bayansa, ya ce a zamaninsu idan mutum ya yi kuskure a kan layi ba ya tsayawa ba da haƙuri ko kame-kame. Ɗigo takwas, wato gajeren sauti sau takwas, yake bugawa a jere, na can ya gane cewa abin da ya gabata ba daidai ba ne, sai a ci gaba da aiki. Ya ce shi kansa ya buga su fiye da gashin kansa, lokacin da yake da gashin.

Na dawo gida ƙarfe sha ɗaya saura. Inna na shanya a tsakar gida, kuma na ga zane biyu a kan eriyata, abin da muka yi yarjejeniya sau uku ba za a ƙara ba. Na gaya mata yadda aka yi. Ta tsaya da jiƙaƙƙiyar riga a hannu, ta yi ɗan tunani, ta ce to ai babu asara, za ta gaya wa maƙwabta tsibirin ya matso kusa, kuma dama ita ba ta so in saba da nisa.

Na shiga ɗaki na zauna a gaban teburina. Na buɗe zauren ƙungiya, na ga saƙonnin taya murna har yanzu suna shigowa, wani ma yana neman in koya masa ɗaurin eriya. Na karanta su duka, ɗaya bayan ɗaya, don na san ba zan sake samun irinsu nan kusa ba. Sannan na buga ɗigo takwas a jere. A ƙarƙashinsu na rubuta haruffa biyun, da kilomita goma sha takwas, da bayanin yadda sauti ke juyewa, na haɗa da abin da na naɗa domin kowa ya ji da kunnensa. Ƙarfe sha ɗaya da minti ashirin na aika.