Sabon Mabuɗi a Hannun Fofo Codjo

Na tsani kwamfutar Fofo Codjo tun kafin in taɓa ta. Mutumin nan a kanta yake cin soyayyar ayaba da kifi, a kanta yake atishawa, madannanta sun yi wani irin sheƙi na tsohon mai. Shi ne babba a sashenmu, shekararsa goma sha biyu yana rubuta manhaja a Kwatano, amma wallahi ko mai wankin babur ya fi shi tsafta.

Aikinmu ajiye sakamakon gwajin asibitoci ne a rumbun bayanai na kwamfuta. Duk mai riƙe da mabuɗin rumbun zai iya buga sunan mutum ya ga abin da likita ya gani a jininsa. Shekara uku wannan mabuɗi, layin haruffa na sirri, yana yashe a guruf ɗin hirar ofis na waya, tsakanin gaisuwar Lahadi da hotunan biki. Ban taɓa ɗaga murya ba sai da aka ɗauki Romuald aiki. Romuald ƙanen mijin yayata Sènami ne, kuma bakinsa ba ya riƙe ko ruwa. Sunan Sènami yana cikin rumbun nan, da sakamakon da ni kaɗai ta faɗa wa. Mijinta bai sani ba tukuna.

Don haka na dage sai an kawo manhajar ɓoye sirri, irin wadda ake ba umarni a baƙin allo. Kowa da kalmarsa ta shiga, sabon ma'aikaci kuwa ba ya ganin bayanan marasa lafiya. Sati uku ina roƙo. Ranar Lahadi, da yake ranar kaɗai injinan asibitocin suke hutawa, muka kashe tsohon mabuɗi muka kulle sabo a ciki. Litinin da safe Romuald ya fara aiki, aka sa shi a guruf, ni kuma na bi tebur-tebur ina girka manhajar. Saura kwamfutar Fofo.

"Fifamè, zo ki sa mana wannan tsafin naki," ya ce, yana lashe yatsa.

Ya share madannan da gefen hannunsa, man ya ƙara bajewa. Na riƙe numfashi, na kwafo layin umarnin na manna shi don kada in yawaita taɓawa. Manhajar ta sauka, ta nemi kalmarsa. Ya buga.

"Ba ta rubuta komai ba."

"Haka take, Fofo. Ba ta nunawa, don kada na bayanka ya gani."

"Wa zai gani? Nan duk 'yan gida ne."

Ta ƙi shi. Ya sake, ta ƙi. A karo na huɗu ya ɗaga murya don kowa ya ji.

"Kun gani? 'Yan makarantar zamani! A da muna zaune lafiya, yanzu mutum ba ya iya shiga ɗakinsa."

Sai na lura da abin da ke faruwa. Kwamfutar daga Legas ya sayo ta, madannanta na Ingilishi ne, ya lilliƙa musu takardun haruffan Faransanci, rabinsu sun ɓanɓare sun yi baƙi. Sharewar nan da ya yi da hannu ta danna abin da ke juya tsarin zuwa Ingilishi. Yana danna A, ita tana karɓar Q, kuma babu abin da ke fitowa a allo balle ya gane. Na mayar da tsarin da bakin biro, ya sake buga kalmar. Ta buɗe.

"Ai na sani," ya ce. "Gwada ki nake yi. To ina mabuɗin? Nuna min in tabbatar yana nan."

Shi ne babba, yana da izinin gani. Na nuna masa umarnin, dogon layin haruffa ya fito. Yatsuna suna ta danƙo, ƙarnin kifi ya kai min har maƙogwaro, na ce ina zuwa, na nufi famfo. Sau biyu na sa sabulu.

Ina cikin ɗauraya wayata ta yi ƙara. Hoton allon Fofo ne ya tura a guruf, mabuɗin tar, ko harafi ɗaya bai ɓuya ba. A ƙasa ya rubuta: "Ga sabon, ku ajiye, kada abin Fifamè ya wahalar da ku kamar yadda ya wahalar da ni." Har mutum biyu sun yi masa godiya.

Na dawo hannuna yana ɗigar ruwa.

"Fofo, goge shi! Yanzu!"

"Haba ƙanwata, taimako na yi. Laifi ne?"

Ya goge yana tsaki, amma na riga na duba waɗanda suka buɗe hoton. Romuald ne na uku. Yana can ƙarshen ɗaki, ya ɗago ya yi min murmushi.

"Surukata, wai gaske ne duk asibitocin garin nan suna ciki? Har na unguwarmu?"

Sauya mabuɗi sai wata Lahadin, kwana shida ke nan. Ƙyama ta cika ni, ba ta man kifin ba ma, ta mu duka da muka ɗauki sirrin mutane kamar labarin ƙwallo. Na fita bakin titi, masu babur suna ta yi min hon, na kira Sènami.

"Yaya, maigidan yana gida?"

"Yana nan. Lafiya?"

"Maganar nan da kika ce sai kin shirya. Ki faɗa masa yau."