Zarton da Aka Juya wa Haƙora

Fasto ne ya kawo baƙon ƙofar shagon Kafinta. Ya ce yaƙi ya koro baƙon da mutanensa daga ƙasarsu, sun haye ruwa, an zube su a wani tsohon sito a bayan tasha, inda rufin ke yoyo. Ikilisiya ta yanke cewa duk gidan da ke da ɗaki ya ɗauki mutum ɗaya. Kafinta dattijo ne a ikilisiyar, shi ya fara ɗaga hannu ranar Lahadi. Bai zaci za a kawo masa mutum da wuri haka ba.

Baƙon ba ya jin yarensu, su ma ba sa jin nasa. Sunansa ya gagari bakin kowa, sai matar Kafinta ta sa masa Tsallake. Suka ba shi ɗakin bayan shago, inda ake jingine katako ya bushe.

Kullum da safe Tsallake zai fito ya zauna a kan gungumen da ke bakin taga. Hasken rana na shigowa a karkace, garin katako na yawo a cikinsa a hankali kamar ba ya son sauka. Yakan ɗauki guntun itace ya shinshina, ya lumshe ido, ya daɗe a haka. Kafinta ya ga kantar da ke tafin hannunsa, ya gane sana'arsu ɗaya. Duk da haka bai bar shi ya taɓa kayan aiki ba. Ya kuma lura duk lokacin da ya tura zarto, sai baƙon ya ɗan yamutsa fuska, kamar mai kallon yaro na rubutu da hagu.

A lokacin Kafinta na haɗa teburin Jibin Ubangiji na coci. Saman teburin falle ɗaya ne, jan katako mai faɗi, wanda ya daɗe yana ɓoyo yana jiran aikin da ya dace da shi.

Wata safiya ya tafi sayen ƙusa. Da ya dawo ya tarar an share shagon fes, an goge kayan aiki da mai, zartuna na rataye a jere suna ƙyalli. Tsallake na tsaye yana murmushi. Kafinta ya gyaɗa masa kai, ya sauko da zarto, ya ɗora a gefen jan katakon, ya tura da ƙarfinsa kamar yadda ya saba.

Zarton bai ci ba. Ya zame, ya yi tsalle, ya ja doguwar tsaga a fuskar katakon, ya ƙare a babban yatsansa.

Sai da jini ya ɗiga a ƙasa ya duba ruwan zarton. An kwance shi an juya, haƙoran na kallon mai riƙewa. Ya duba sauran, duk haka suke. A ƙasar su Tsallake jawo zarto ake yi, ba turawa ba, zarto yana cin itace ne idan ya taho wajen mutum. Baƙon ya ɗauka an ɗaura su ne a birkice, ya yi wa maigidansa gyara.

Matar Kafinta ta wanke yatsan a tsakar gida tana naɗe shi da tsumma.

"Gobe zai koma sito," in ji Kafinta.

"To," ta ce. "Wannan hannun ne ka ɗaga a coci, ko ɗayan?"

"Maman yara, ban son wasa."

"Tambaya ce. In wannan ne, sai mu ce wa Fasto ya yanke, alkawari ya zube."

"Na ba shi ɗaki. Na ba shi abinci."

"Kajina ma suna samun wannan." Ta ɗaure tsumman, ta ja da ƙarfi har ya ce wash. "Ubangiji bai ce a ajiye baƙo ba, Maigida. Cewa ya yi a ƙaunace shi kamar yadda mutum ke ƙaunar kansa."

"Kaina bai taɓa juya mini zarto ba."

"Kanka ya yi maka abin da ya fi haka, ka kwana da shi."

Ta ba shi maganin ciwo. Ya koma shago ya kwanta a kan dogon bencin da bai gama ba, hannu a ƙirji. Ba kowa. An fara yayyafi a kan kwano.

Yana jin bugun jini a yatsan, har bugun ya zama motsin ruwa. Ruwa ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa, mai ɗumi, ya ɗaga garin katako, ya ɗaga bencin. Bango ya janye. Bencinan da ya taɓa haɗawa duk suna tafe a kan ruwan, cike da mutanen da bai sani ba, kowa rungume da ƙunshinsa. Suna waƙar da ya sani tun yana yaro, amma kalmomin ba nasa ba ne. Can gaba akwai gaɓa, da shago mai taga irin tasa, da wani mutum a ƙofa. Kafinta ya buɗe baki zai ce wa mutumin shi kafinta ne, ya iya aiki, a bar shi ya shiga. Abin da ya fito daga bakinsa bai yi kama da magana ba. Mutumin ya tsaya yana duban hannun Kafinta, yana tunani, shi kuwa bencin na ta juyawa a hankali.

Ƙarar ƙarfe ta tashe shi. Yayyafin ya ɗauke, hasken yamma ya yi ja a bango. Tsallake na durƙushe yana ɗaura ruwan zarto na ƙarshe, ya mayar da haƙoran yadda ya same su. Ya sa rigarsa ta tafiya, ƙunshin kayansa na bakin ƙofa. Ba wanda ya gaya masa komai. Ya rataye zarton, ya shafa tsagar da ke kan jan katakon da yatsa, ya sunkuyar da kai.

Kafinta ya tashi zaune. Fushin na nan bai tafi ba. Ya dubi tsagar. Ba za ta gogu ba sai an rage kaurin katakon, teburin kuma ba zai zama yadda ya so ba.

Ya miƙe ya sauko da zarton da ya yanke shi. Ya matse shi a hammata, ya yi ta fama da hannu ɗaya har ya kwance ruwan, ya juya haƙoran suka kalli mai riƙewa. Ɗaurin ya gagare shi. Ya miƙa wa baƙon.

"Ɗaura. Wannan naka ne. Sauran nawa ne, ka taɓa su ka ga yadda ake yi."

Tsallake ya dubi zarton, ya dubi ƙofa. Kafinta ya nuna masa ɗakin baya da haɓa, sannan ya nuna gefen katakon da ba a yanke ba.

Matar na tsaye a ƙofar gida da bokiti. "Har ka huce?"

"Ban huce ba."

"To me ya faru?"

"Ba a ce sai na huce ba," in ji shi. Ya danne katakon da hannunsa mai lafiya. Tsallake ya ɗora zarto, ya ja, haƙoran suka kama.