Ƙwaya Uku Kafin a Buɗe Shago

Mai aski ya zazzage ƙwayoyin maganin rawar hannunsa guda uku a tafin hannu ya watsa baki tun bai gama buɗe ƙofar shago ba. Likita ta ce ɗaya da safe, ɗaya ƙarfe biyu, ɗaya da yamma, har ta rubuta masa a jikin kwalin. To amma likita ba ta taɓa riƙe reza ba. Shi da safe ake zuwa masa, da rana kuwa ko ƙuda ba ya leƙowa. Me zai yi da hannu mai kyau ƙarfe biyu? Kwana biyar ke nan yana wannan dabara, ko matarsa bai faɗa wa ba.

Wata takwas da rawar hannu ta kama shi, kuma a idonsa mutanensa suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya zuwa shagon da ke tsallaken titi. 'Yan kaɗan suka rage. Su yake tsoron rasawa, tsoro mai hana shi cin abinci.

Tsohon direba ne ya fara shigowa, mutumin da shekara ashirin babu wanda ya taɓa gemunsa sai shi.

"Mutumina, yau aski za ka yi mini ko rawa?"

"Duba da kanka." Ya miƙa hannu, tsaf, ko motsi babu.

"To madalla. A kwashe gemun nan tas."

Ya shafa masa kumfa, ya sa sabuwar reza. Ya gama kumatun dama lafiya lau. Yana sauka ƙasan haɓa sai ya ji kansa ya yi fayau, madubi ya yi nisa. Kafaɗarsa ta ɗaga da kanta. Wannan ba rawar da ya saba ba ce, wadda yake iya dannewa da ɗayan hannun. Fizga ce, kamar wani ya ja shi ta gwiwar hannu daga baya. Ya so ya ce wa direba ya tashi, amma kunya ta riƙe bakinsa. Sai hannun ya sake fizga.

Direba bai yi ihu ba. Ya dai dafe wuyansa, jini na bi ta tsakanin yatsunsa yana ɓata kumfar. Mai aski ya juya zai ɗauko tawul, ƙafafunsa suka ƙi, ya zube a gindin kujera.

A asibiti aka yi wa direba ɗinki shida. Aka ce da rezar ta ƙara gangarawa kaɗan, da wani zancen ake yi.

"Baba, nawa ka sha yau?" likita ta tambayi mai aski.

Matarsa, wadda aka kira daga gida, ta ce, "Malam, ka faɗi gaskiya. Kwanakin nan ban ga ka sha na yamma ba."

"Uku," ya ce. "Da safe nake aiki."

Likita ta ajiye biro. "Maganin nan idan ya yi yawa, shi da kansa yake fizgar jiki, ya saukar da jini har mutum ya faɗi. Kuma kada tsoro ya sa ka daina shi kwatsam, wannan ma haɗari ne babba. Da ka zo ka ce mini da safe kake aiki, ai da mun zauna mun gyara maka lokutan."

Wannan maganar ta fi komai ƙona masa rai. Ashe tambaya kawai zai yi.

Bayan mako biyu ya koma shago. Ya share ƙasa, ya goge madubi, ya zauna. Har rana ta take bencin babu kowa, don labari ya riga shi isowa. Can ya hango direba da filasta a wuya, gemu ya tofo. Direba ya ɗaga masa hannu da fara'a, ya tambayi jiki daga nesa, sannan ya duba hagu da dama ya tsallaka titi.

Wayarsa ta yi ƙara a aljihu, ƙararrawar da matarsa ta saita masa. Ya ɓallo ƙwaya ɗaya ya sha da ruwa. Da ya ajiye kofin sai ya lura ko ɗigo bai zuba ba.