Hannu a Kan Farfela

"Mama, in Baba ya faɗo da jirgin gaske, wa zai danna masa ya dawo?"

Tana tsakiyar gugar rigar makaranta tambayar ta same ta. Ta ɗaga dutsen guga ta dubi 'yarta mai shekara bakwai, wadda kowa a gidan yake kira Injiniya. Ta ce mata ba a irin wannan maganar, Baba ba zai faɗo ba. Yarinyar ta ce ai ko jiya sau biyu ya faɗo, ɗaya ma a kan bishiya, ita ce ta danna masa maɓallin kwamfuta ya dawo.

Wata takwas ke nan da falonsu ya koma filin jirgi. Maigidan, malamin lissafi ne a sakandare, ya ƙwace teburin cin abinci ya jera masa allon kwamfuta biyu, ya ɗaure sitiyari a bakinsa, ya ajiye fedojin takawa da ƙafa a ƙasa, waɗanda ba ranar da ba ta tuntuɓe da su. Da farko manyan jirage yake tuƙawa a wasan kwamfutar, yana tsallaka teku da wandon barci. Daga baya ya samo ƙarin manhaja, wani ɗan jirgin koyo mai kujera biyu da aka kwaikwayo tun daga ƙusa har ƙarar ƙofa. In ka bar shi kwana uku batir ya yi sanyi. In ka yi masa gaggawa da safe ya yi tari ya mutu. Kuma ba ya tashi sai an zagaye shi an duba komai: taya, mai, fiffike, wejin da ke tare taya, sannan a kama farfela, fankar hancin jirgin, da linzamin kwamfuta a juya ta sau ɗaya. Kowanne ka yi, sai alamar kore ta fito a gefe.

Wannan zagayen shi ne aikin Injiniya, a nan ta samo sunan. Takan hau kujera ta durƙusa, harshe a waje, tana bin jeri ba ta tsallake ko ɗaya. Uwar da kanta ta sha yaba mata, har tana cewa da haka take duba jakar makarantarta da an huta.

To ga shi ranar Asabar maigidan zai shiga jirgin gaske karo na farko, darasin minti arba'in a wani ƙaramin fili a bayan gari, kuma ya yi wa yarinyar alkawarin za a je da ita. Tun daga tambayar nan uwar ta kasa zama wuri ɗaya. A kantin maganin da take aiki sau biyu tana ƙirga ƙwaya tana ɓata lissafi. Abin da ke cin ta guda ɗaya ne: 'yarta ba ta san inda allo ya ƙare, ƙarfe ya fara ba, kuma za a kai ta cikin ƙarfen.

Ta ce wa mijin a bar yarinyar a gida. Ya yi dariya, ya ce ai Injiniya ta fi rabin ɗaliban filin sanin jirgin nan.

"Maman Injiniya, ke da ko lif na hawa bene ba kya shiga sai kin yi addu'a, ke za ki koya mana jirgi?"

"Ni dai ban taɓa sauka a kan bishiya ba, Kyaftin."

Ya ce iska ce ta kwashe shi. Ta ce iskar fanka ko ta taga? Suka yi dariya, amma ba ta janye ba sai da ya yarda da sharaɗinta: za ta je, kuma hannun yarinyar ba zai bar nata ba.

Ta yi shiri irin nata. Ta saka audugar toshe kunne, ruwa, hula, filasta, da takalmi mai igiya don kada silifas ya fita a guje. Ta zaunar da Injiniya ta karanta mata dokoki: ba gudu, ba shiga ƙarƙashin fiffike, in jirgi yana ƙara a tsaya bayan shinge. Yarinyar ta maimaita duka ba gargada. Duk da haka a mota uwar sai buɗe jaka take tana rufewa, tana jin akwai abin da ta manta.

Filin bai kai yadda ta zata ba. Rumfar kwano ce babba, da ofis mai benci biyu, da wani ƙyallen nuna iska mai kama da ƙafar wando yana kaɗawa a kan sanda. Warin mai ya cika wurin. Malamin tuƙin dattijo ne siriri mai furfura a gira, yana magana a hankali kamar mai tsoron tada barci. Ya dubi maigidan ya tambaye shi ko a kwamfuta ya koyi tuƙi. Da ya amsa, sai dattijon ya ce ya gane, irinsu sai an yi da gaske suke ɗaga kai su kalli taga.

Minti arba'in ɗin nan a tsaye ta yi su. Ta riƙe hannun Injiniya har ya yi gumi, ta sauya ɗayan. Ɗan jirgin ya zama ɗigo, ya ɓace, ya dawo, ya taɓa ƙasa ya yi tsalle sau biyu kamar ɗan akuya, sannan ya gangaro gaban rumfar. Injin ya mutu. Farfela ta yi juyi biyu ta tsaya cak. Shiru ya sauka, sai ƙas-ƙas ɗin ƙarfe mai hucewa.

A nan ne hankalinta ya kwanta, karo na farko a cikin kwana huɗu. An sauka, ƙara ta ɗauke, dokokinta duk sun cika. Maigidan ya fito yana washe baki, ya miƙo mata waya ya ce ta ɗauke su hoto shi da malam a jikin wutsiyar jirgin. Hoto kuwa hannu biyu yake so.

Ta ɗauki ɗaya, ya ce ya rufe ido. Tana gyara na biyu ta hango, ta gefen wayar, hular 'yarta a can gaba. Injiniya ba gudu ta yi ba, ba ta shiga ƙarƙashin fiffike ba. A natse take aikinta. Ta tsuguna ta latsa taya, ta leƙa inda weji yake zama, ta miƙe ta nufi hancin jirgin tana ɗaga hannu biyu, harshe a waje.

Uwar ba ta san lokacin da wayar ta bar hannunta ba. Ba ta tsaya kira ba. Taku biyar ne ko shida, ta cafko wuyan rigar ta baya ta fizgo, suka zube tare a kan kwalta. Yatsun yarinyar sun riga sun taɓa bakin farfelar, har sun bar sawu a ƙurar jikinta.

Farfela ba ta motsa ba. Maigidan ya iso yana cewa ai a kashe yake, ga makulli can a hannun malam. Dattijon ya tsuguna a gabansu, ya nuna makullin, ya ce shekara talatin yana cire shi yana sawa a aljihu, kuma bai taɓa yarda da shi ba. Ya yi musu bayani cewa irin wannan injin da kansa yake haifar da wutarsa, ba ruwansa da batir. Wata 'yar waya ce siririya take hana shi tashi, in ta tsinke a ɓoye ba mai sani. Injin da zafinsa, a ɗan juya farfela, yana iya kamawa nan take.

"Ko ni ba na tsayawa inda ta tsaya," in ji shi. "Wa ya koya mata?"

Maigidan ya sunkuyar da kai. Injiniya kuwa kuka take, ba don gwiwar da ta kuje ba. Cewa take ita ba ta yi laifi ba, bayan weji ai farfela ce, haka jerin yake, a tambayi Mama. Uwar tana manna mata filasta, ta ce mata gaskiya ne, haka jerin yake, kuma ba ita ce mai laifin ba.

A hanyar gida maigidan ya ce zai kwance kayan duka ya mayar kwali. Ta ce kwali ba zai goge abin da ke kan yarinyar ba. Da yammar ranar ita ce ta ja kujera ta zauna gaban allon, abin da ba ta taɓa yi ba, ta sa shi ya bi jerin da ita ɗaya bayan ɗaya. A kowane mataki tambayarta guda: a jirgin gaske, wannan yana cizo? Inda ya ce bai sani ba, ta rubuta a takarda don a kai wa dattijon. Layi tara suka samu. Farfela kuwa an cire ta daga aikin Injiniya, kuma ko a allon, sai ta ja kujera baya kafin uban ya taɓa. Har yanzu in yarinyar ta wuce kusa da fankar falo, uwar takan ajiye abin da take yi ta bi ta da ido.

Ke mai karatu, ko kai, in akwai irin wannan jirgin a falonku kuma akwai yaro mai kallo, kada ku tsaya kan koya masa tsoron abin da ke ƙara. Wannan da kansa zai guje shi. Ku zauna ku duba abin da allon yake ba shi alamar kore a kai, tun kafin ku kai shi inda ƙarfen yake. Kuma in kun je, ko jirgin ya yi shiru, ko makulli yana aljihun wa, kada ku saki hannunsa don hoto.