Bokitin Klever

Sau uku Narcisa tana wasa wuƙarta tun safe, alhali ba ta dakushe ba. Ta kasa zama. Sai ta leƙa bakin teku, ta dawo rumfarta a kasuwar kifi ta garin Manta, ta sake komawa. Kwana goma sha ɗaya ke nan da ƙanenta Klever ya fita neman kifin tuna. A zamanin babansu kwana biyu ake yi, kuma sai ƙarti biyu sun rataya kifi ɗaya a sanda kafin ya iso kan dogon teburin nan.

Da hantsi sai ga Klever, fuska duk ta ƙone, riƙe da bokiti. Ya juye kifaye shida, babu wanda ya kai kamu ɗaya.

"Wannan fa? Jarirai ka kwaso min?"

"Yaya, kar ki fara. Manyan jiragen nan sun share komai da tarunsu. Wannan ma da kyar."

"Ai da ka mayar da su ruwa."

"In mayar, su kwashe gobe? Ni kaɗai ne mai tausayi a teku?"

Ta yi tsaki, ta farke cikin na farko, ta laluba inda ta saba tarar da ƙwai. Wayam. Haka na biyu, haka har na shida.

"Ko sau ɗaya ba su hayayyafa ba. To baɗi uban me za ka kamo?"

"Yanka kawai, Yaya, masu saye na jira."

Ta dube shi, ta dubi layin. Ta yanka.