Mutum a Tsaye

"Tsaya nan. Kar ka tsuguna," in ji Baba Lawali.

Na tsaya a bakin zaure. Yana zaune a tabarma, aparan foto a cinyarsa, ya kifa ido a kan wani ɗan bututu mai lanƙwasa da aka maƙala a bayan aparan. Bizer yake ce masa. Ka leƙa ƙasa, ka ga abin da ke gabanka. Muntari, Bakano mai shagon kayan foto a Kasuwar Dole, shi ya kawo guda biyu, ɗaya na kamfani, ɗaya ɗan China.

Ni an kira ni in karanta faransancin da ke jikin kwali. Tun da na bar makarantar lise aikina ke nan a layinmu, takardar magani da kwalin kaya. Sauran lokaci ina fadar samari, ina shan shayi.

"Ashe gemu ya fito maka, ɗan lakwal," in ji Baba Lawali. Haka yake kirana tun ina makaranta. Bai ɗago ba. Ba ya iya ɗagowa.

Katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasa. Mai foto ne tun ba a haife ni ba. Hoton katin shaidar kowa a unguwar shi ya ɗauka. Daga baya ciwon ƙashin baya ya riƙa lanƙwasa masa wuya, kaɗan kaɗan, har haɓarsa ta sauka a ƙirji. A gidan likita an ba shi abin ɗaure wuya, ya rataye shi a ƙusa. Ya rufe shagon hotonsa. Ƙafafu kawai yake gani, da takalmi yake gane mai sallama. Mutane sukan tsuguna su leƙo shi, shi kuwa ba ya so. Yakan ce fuskar da ta leƙo ka daga ƙasa fuskar dubiya ce, kowa iri ɗaya yake sakowa.

Ɗansa Idris ya tafi aikin gini Aljeriya tun yana saurayi ƙarami. Ya aiko zai zo kafin azumi. Abin da Baba Lawali yake so ke nan, ya gan shi a tsaye.

Na kamfanin ne a jikin aparan. Baba Lawali ya murza wani zobe a wuyan bututun, ya ce har ƙurajen goshina yana ƙirgawa. Muntari ya cire, ya saka ɗan Chinan. Baba Lawali ya daɗe yana leƙe.

"Ɗaga hannunka na dama."

Na ɗaga.

"Na ce dama."

"Shi ne, Baba."

Ya yi tsaki. Ya ce madubi ne suka cusa a ciki, shi ya sa yake juya mutum, kuma gefe-gefen duhu ne kamar ana leƙa rijiya. Na karanta kwalin. An rubuta yana shiga kowane apare, ba a rubuta yana juya mutum ba.

Muntari ya ce na kamfanin ba na sayarwa ba ne, wani mai foto a Maraɗi ya yi odarsa, gobe zai tafi. In ana so sai ya sa a kawo wani daga Kano, amma ba zai yi alkawarin rana ba. Ɗan Chinan kuwa ga shi nan.

"Baba, wannan ma zai yi maka aiki. Na kamfanin ai don wanda zai shekara ashirin yana..." Muntari ya shiga naɗe hankicinsa.

"Ƙarasa mana," in ji Baba Lawali.

Muntari ya ce ba haka yake nufi ba. Baba Lawali ya ce shi bai taɓa sa gwangwani a jikin aparansa ba, ba kuma zai kalli ɗansa a bahago ba. A kawo na kamfani, zai jira. Inna Hafsatu, matarsa, tana bayan labule tana tsince shinkafa. Na ji tiren ya tsaya, sannan ya ci gaba.

Ya jira. Nakan bi ta shagon Muntari in na shiga kasuwa, kullum maganar ɗaya ce, yaronsa na Kano bai samu ba tukuna. Baba Lawali ya daina fitowa masallaci. Ya koma kunu kaɗai, shi ma da cokali, saboda haɗiya ta fara yi masa wuya. Ta katanga nakan ji tarinsa. Ba ya tambayar komai sai ko Bakano ya aiko.

Wata safiya Inna Hafsatu ta tare ni a famfo. Ta ce in je in karɓo na Chinan, ta riga ta yi magana da Muntari. Na ce Baba ya ce ba ya so.

"Mahamud, ni ce nake wanke masa jiki. Je ka karɓo."

Na karɓo. Na ajiye kwalin a gefen tabarmarsa. Ya kalli kwalin, ya kalli silifas ɗina, ya ce ashe ni ma ɗan aike ne. Bai taɓa ba. Kwalin ya kwana biyu a nan, Inna Hafsatu tana ɗagawa ta share ƙarƙashinsa ta mayar.

Wata rana sai na gan shi a ƙofar gida. An fito masa da kujerar roba da matashi. Aparan na cinyarsa, ɗan Chinan a maƙale, kansa a kife. Yana juya aparan a hankali yana bin masu wucewa, yana ɓatawa, saboda in mutum ya yi hagu shi dama yake bi. Yana zagin abin ƙasa-ƙasa.

Hassan mai walda ya zo wucewa, ya yi niyyar tsugunawa, aka hana shi. Ya tsaya yana murmushin kunya, hannu a baya.

"Hassan, yaushe ka tsufa haka? Ba wanda ya gaya min."

Hassan ya ce shi ma ba a gaya masa ba.

Haka ya riƙa yi duk yamma. Ya gano an yi wa gidan da ke fuskantar nasu fenti. Ya gano yarinyar mai awara tana da ciki. Wasu matan sukan ja mayafi su yi sauri, suna tsammanin hotonsu yake ɗauka. Ni nakan zauna a dakali. Ba ma magana sosai. Sau ɗaya ya juyo da aparan kaina, ya ce in daina haɗa gira, ba wanda ya ci min gado. Na ce haka fuskata take. Ya ce ya sani, shi ya ɗauki hotona na shiga ajin siziyem.

Idris ya zo da la'asar, a kabu-kabu daga tasha, jaka ɗaya a kafaɗa. Dogo ne, ya rame, ya yi baƙi. Ban gane shi ba sai da Inna Hafsatu ta fito ba takalmi. Ya ga uban a kujera, ya tsaya cak. Ina jin ba a gaya masa yadda wuyan ya koma ba. Ya ajiye jakar, ya taho zai durƙusa.

"Tashi," in ji Baba Lawali. "Koma baya. Ƙara."

Idris ya kalli uwarsa. Ta yi masa alama ya bi.

"Matsa dama kaɗan."

Ya matsa dama.

"To ina ka shiga kuma?"

Na ce, "Hagu yake nufi." Idris ya koma hagu. Inna Hafsatu ta yi dariya, ta rufe baki da bakin zane.

Baba Lawali ya riƙe aparan da hannu biyu. Idris bai san inda zai sa hannuwansa ba, ya sake su a gefe kamar ɗan lakwal a gaban tuta. Aka daɗe a haka. Mai kura ya wuce da jarkokin ruwa, ya rage gudu. An kira salla, ba wanda ya motsa.

"Ka fi ni tsawo," in ji Baba Lawali daga ƙarshe. "Lokacin ina miƙe ma. Zo."

Idris ya zo ya durƙusa, ya sa goshi a gwiwar uban. Da ya ɗago ya ce a nuna masa hoton. Baba Lawali ya ce babu batir a ciki tun bara.

Bai sake fitowa ƙofa ba. A ɗaki yake, a jingine, aparan a cinya. Inna Hafsatu ta ce in Idris zai ba shi kunu sai ya sa shi ya fara tsayawa a bakin ƙofa tukuna. Ya rasu da hantsi, azumi bai kama ba. Ina shanya rigata na ji ta kira sunan Idris sau ɗaya, ba da ƙarfi ba.

Wajen wanka liman ya ce yana son wanda zai tallafe kan, saboda wuyan bai kwanta ba. Na shiga. Na sa tafin hannu biyu a ƙeyarsa. Ba nauyi. Rabona da ganin fuskarsa gaba ɗaya har na manta. A kewayen idonsa na dama akwai wani zobe baƙi, sawun robar bututun, ya shiga fata. Liman ya ɗauka datti ne. Ya jiƙa yatsa ya goga, ya sake gogawa.

"Bar shi, Malam," in ji Idris.

Liman ya ɗauki buta, ya ci gaba da zuba ruwa.