Abin Ya Ƙi

Rauda tana tsaka da hure ƙurar cikin wata tsohuwar kwamfuta a shagonta da ke bakin titin Sakkwato, cikin Tambuwal, sai wayarta ta yi ƙara. Tun ba ta duba ba ta san Baffa Ɗan'iya ne daga Kebbe, ƙanen mahaifinta, ta kuma san abin da zai ce. Sai da ya tambayi maigidanta, ya tambayi zafi, ya ba ta labarin saniyar da ta haihu, sannan ya yi gyaran murya.

"Rauda, abin dai ya ƙi."

Ta tambaye shi me ya ƙi, ya ce abin. Me kwamfutar ta rubuta? Ya ce wani ɗan rubutun boko ne ya fito, ya danna shi ya tafi. Yaushe? Jiya, ko shekaranjiya, Allah dai Ya sani. Rauda ta ajiye burushin hannunta ta dafe goshi. A duk aikinta babu maganar da ke ƙona mata rai irin wannan. Kamar mutum ne ya je asibiti ya ce jiki ya ƙi, a ce masa ina ke ciwo, ya ce jikin dai.

Abin da ya ƙi ɗin kuwa aikin hannunta ne. Mahaifinta, Malam Abdulganiyyu, idanunsa sun tafi tun shekarun baya. A kansa kaɗai waƙoƙin wa'azin da nasa mahaifin ya tsara suka rage, wasu da Hausa, wasu da Fillanci, domin takardun gara ta cinye su tuni. Ba ya yarda ya rera su a gaban mutane, wai gudun riya. Wayar zamani kuma ya shafa fuskarta ya ji sulɓi, ya ce ba ya hulɗa da abin da ba shi da wurin kamawa. Shi ya sa Rauda ta zauna ta rubuta masa manhaja ta musamman, ta sa a wata tsohuwar kwamfutar tebur, ta kai ɗakin karatunsa. Ta manna maɓallin riga a kan babban madanni don yatsansa ya gane shi. Ya danna, ta fara ɗaukar murya. Ya sake dannawa, ta tsaya ta adana. Iyakar aikin ke nan, ko akuya aka koya wa za ta iya.

To, sai ga shi wata rana a ɗauka lafiya lau, wata rana kuma fayil ya fito da sunansa da nauyinsa, a danna shi ya ƙi buɗewa.

Da wani ne mai amfani da manhajar, da ta zaunar da shi ta tatse shi da tambayoyi. Amma Rauda 'yar fari ce, kuma gidansu gidan alkunya ne. Tun da ta yi wayo ba ta taɓa jin sunanta a bakin mahaifinta ba. In za shi yi zancenta sai ya ce "yarinyar nan", da ta yi aure ta koma "ta Tambuwal". Ko suna ɗaki ɗaya, sai ya faɗa wa Baffa, Baffa ya juyo ya faɗa mata, alhali kunnenta ya riga na Baffa ji. Ta saba da wannan tun tana ƙarama, ba ta taɓa ɗaukarsa komai ba sai da ya shigo mata cikin aiki.

Babu abin da ba ta gwada ba. Ta sauya makirufo, ta sauya waya. Ta bi layukan umarnin da ta rubuta ɗaya bayan ɗaya har idonta ya yi ja. Ta kunna manhajar a shagonta tun safe har la'asar, ta ɗauko hon ɗin motocin Sakkwato da rigimar 'yan kabu-kabu tsaf, ko tari manhajar ba ta yi ba. Ta ƙara mata wani sashe da zai riƙa ba da labarin duk abin da take yi, don in ta faɗi a san inda ta yi tuntuɓe. Labarin sai ya yi ta tafiya lafiya, ya yanke tsit, babu kuka babu sallama. Agogon kwamfutar kuma ya daɗe da mutuwa, kullum aka kunna ta sai ta koma wata shekara da ta wuce tun Rauda na sakandare, don haka ko lokacin da abin ke faruwa ba ta sani ba.

Ta taɓa tambayar Baffa ko janareta na ba su matsala. Ranar sai da ta ba shi haƙuri. Janaretan nan shi ke wanke shi, shi ke sauya masa baƙin mai, ya rantse tun da aka sayo shi bai taɓa yin ko gardama ba.

Abin da ya fi ba ta haushi shi ne zuwanta Kebbe. Ta sha hanyar har direbobi suka san ta. Duk ranar da ta je, manhajar sai ta zama ta Allah. Baba ya shiga ɗaki ya rera, ita tana ɗakin da ke kusa fanka na kaɗa ta, a gama, a buɗe fayil, murya ta fito garau. Baffa ya yi dariya ya ce abin ya san uwargijiyarsa. Ta dawo Tambuwal, ba ta gama huce gajiya ba wayar ta yi ƙara.

Amma kiran yau da wutsiyarsa ya zo. Baffa ya sassauta murya ya ce wadda ta ɓace wannan karon ita ce doguwar, wadda Malam ya yi ta tattaro ta a ransa tun kafin azumi, don baitocin sun fara zille masa. Da aka gaya masa ta ƙi buɗewa bai yi faɗa ba. Cewa ya yi watakila Allah bai nufi waƙoƙin su zauna bayansa ba, kuma shi ba ya jayayya da abin da aka hukunta. Ya ce a naɗe kwamfutar a bargo a mayar wa ta Tambuwal.

Ta san mahaifinta, in ya ce ya bari to ya bari. Ta rufe shago da aikin mutane a ciki, ta gaya wa maigidanta ba ta san ranar dawowa ba, ta nufi tasha.

Da ƙyar aka shawo kan Baba. Ta roƙi Baffa, Baffa ya roƙe shi, ya ce to, albarkacin wahalar hanya zai ƙara gwadawa, amma in abin ya sake cinye masa waƙa shi ke nan. Inno, mahaifiyarta, ta sa aka yanka zakara. Aka shimfiɗa mata sabuwar tabarma, aka juyo mata da fanka. Manhaja kuwa, munafuka, ta ci gaba da aiki kamar ba ita ba. Yau lafiya, gobe lafiya, jibi lafiya. Rauda ta zauna tana harararta, tana addu'ar Allah Ya sa ta lalace. Tun da take ba ta taɓa jin wanda ya yi wa aikinsa irin wannan addu'a ba.

Da ta kwana biyu sai romon zakara ya ƙare, aka koma tuwon dawa da miyar kuka. Sabuwar tabarma ta koma bayan ƙofa. Wata safiya Inno ta miƙa mata tsintsiya ba tare da ta dube ta ba, da hantsi kuma ta ce tun da dai zaman ya yi tsawo, a zo a kama mata tankaɗe.

Tana durƙushe a tsakar gida da rariya a hannu, rana ta take, janareta na ta ruri a bakin zaure. Can sai rurin ya yi ƙasa, ya mutu. Cikin shirun da ya biyo baya ta jiyo muryar Baba daga ɗakin karatu, yana ƙarasa baiti a natse, ya kai ƙarshensa, ya yi salati. Sai ga muryar Baffa daga ɗan masallacin ƙofar gida yana kiran Azahar.

Rariyar ta suɓuce mata. Da gari har gwiwar hannu ta shiga ɗakin, ta tarar da fuskar kwamfuta baƙi ƙirin, Baba yana laluben takalmansa. Yatsansa ya kai kan maɓallin rigar ya danna, kamar yadda aka koya masa, sannan ya fita.

Da ƙyar ta iya jira aka idar da salla. Ta tare Baffa a zaure ta tambaye shi wa ya kashe janareta. Ya ce shi mana, wa zai kashe? Shi ne ladan, kullum sai ya kashe kafin ya kira salla, ko so take a yi sujada cikin wannan ƙara? Ta ce to me ya sa duk zuwan da take yi ba ta taɓa jin an kashe ba?

Baffa ya dube ta kamar ta yi saɓo.

"Haba ɗiyata. Baƙuwa na ɗaki cikin wannan zafi, in kashe mata fanka? Mi za a ce da mu? In kin zo haƙuri muka yi, mu yi sallarmu hakanan."

"To yau fa, Baffa?"

"Yau ai na ga Inno ta ba ki tsintsiya."

Ihu take son yi, amma wa za ta yi wa? Mutumin da ya sa jama'ar masallaci sallar cikin ruri don kada ta yi gumi? Takaicin sai ya juyo kanta. Ita ce ta rubuta manhajar a kan cewa kowa zai danna tsayawa kafin wuta ta tafi. Muryar tana zuba cikin fayil tun daga farko, amma ɗan bayanin da ke gaya wa kwamfuta tsawonta sai an danna tsayawa ake rubuta shi. Buhu ne ake cikawa da gero, sai a ƙarshe a ɗinke baki. Ranar da waƙa ta ƙare kafin Azahar, an ɗinke. Ranar da ta yi tsawo, Baffa ya riga ta.

Da wannan tunanin ya zo mata sai wani ya biyo bayansa. In bakin buhu ne kawai ba a ɗinke ba, ai geron yana ciki. Ta tambayi Baffa ko ya goge fayilolin da suka ƙi. Ya ce shi ina ya san yadda ake gogewa.

Ta ce ya tayar da janareta, kuma don Allah kada ya taɓa shi sai ya leƙo ya tambaye ta. Ta fara gyara manhajar yadda za ta riƙa ɗinke bakin kowane ɗan lokaci, ko an kashe wuta abin da zai salwanta bai wuce numfashi ɗaya ba. Ta gwada da kanta, tana magana ta fizge wayar wuta daga bango, ta mayar, ta buɗe, ta ji muryarta. Sannan ta rubuta wani ɗan umarni da zai auna tsofaffin fayilolin ya rubuta musu bayanin da suka rasa. Ta saki umarnin. Ɗaya bayan ɗaya suka fara nuna tsawonsu.

Bayan La'asar ta aika a kira Baba. Ya zo ya zauna a kan buzunsa, Inno ta tsaya daga bakin ƙofa. Rauda ta yi wa Baffa bayani, Baffa ya juya ya maimaita rabinsa. Baba ya ce in gaskiya ne a sa masa doguwar. Ɗoki bai bar ta ta fara saurara ita kaɗai ba. Ta nemo mafi nauyi a cikinsu ta danna.

Aka ji rurin janareta daga nesa, aka ji motsin buzu, aka ji numfashi dab da makirufo. Sai muryar Baba, ƙasa-ƙasa, ba irin ta waƙa ba.

"Rauda. Wagga ita ta rage mini mai tsawo, ban san ko ina iya sake kawo ta ba. Don Allah, Rauda, yau ki riƙe mini ita."

Sai bisimilla, sai waƙar ta fara.

Inno ta ja mayafi ta rufe baki ta koma tsakar gida. Baffa ya tsura wa rufin ɗaki ido kamar yau ya fara ganinsa. Rauda kuwa duk masifar da ta ɗauko daga Tambuwal ta neme ta ta rasa. Ta kafa wa kwamfutar ido don kada hawaye ya zubo a gabansa. Ashe haka sunan yake a bakinsa, yana ɗan jan farkonsa.

Waƙar ta tafi baiti bayan baiti, leɓɓan Baba na bin ta, har inda janareta ya yanke ta. Ya ce baiti kaɗan ne suka rage, kuma yana da su. Ya laluba sandarsa ya miƙe. Sai da ya kai bakin ƙofa ya tsaya.

"Ɗan'iya, ka faɗa ma ta Tambuwal abin nata bai gama gyaruwa ba. Shina ɗaukar abin da ba a ba shi ba." Ya gyara riƙon sandar. "Amma a bar shi nan. Gobe da hantsi akwai aiki."

Baffa ya juyo zai maimaita mata. Ta ce ta ji, ya gaya masa za ta duba.

Ba ta duba ba.